Wa Zai Fassara wa Uban Ɗalibi? Neman Gurbin Jami'a da Bashin Karatu a Daddara

Garin Daddara yana kan hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufi Jibiya, ta wuce Magama, ta shiga Jamhuriyar Nijar ta Ɗan Isa har zuwa Maraɗi. Arzikin mutanensa ya rataya ne a kan noma da kiwo da hada-hadar wannan hanya, kuma a 'yan shekarun nan kowane ɗaya daga cikinsu ya ji jiki. An rufe iyakokin Nijeriya a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilu na 2022. Aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai a watan Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. 'Yan bindiga sun raba manoma da yawa na ƙasar Jibiya da gonakinsu na nesa, sun kore musu dabbobi. Janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya sa kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. A cikin wannan hali ne magidanci zai wayi gari ɗansa ya kai ajin ƙarshe na sakandare, ana maganar jami'a.

Idan aka tambayi abin da ke hana yaran irin wannan gari shiga jami'a, amsar da ke bakin kowa ita ce talauci da rashin tsaro. Amsar gaskiya ce, sai dai ba ta cika ba. Akwai wani shinge da ba a cika ambatonsa ba, kuma shi ne ya fi shafar masana Hausa. Tun daga sayen fom har zuwa neman bashin karatu, duk al'amarin da Turanci ake gudanar da shi, kuma ta intanet. Uban da zai biya kuɗin da uwar da za ta sayar da akuyarta ko ta kwashi adashinta su ne ke ɗauke da nauyin shawarar, amma babu takarda ko ɗaya a cikin wannan tafiya da aka rubuta dominsu. Suna biyan kuɗin abin da ba a taɓa yi musu bayaninsa da harshensu ba.

Ya kamata a dubi matakan ɗaya bayan ɗaya. Hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, wato JAMB, an kafa ta a 1978. Tun daga 2015 jarrabawarta ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, tun daga 2021 kuma ba a yi wa ɗalibi rajista sai da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, wato NIN. Ɗalibi zai aika wannan lamba ta saƙon waya, a turo masa wata lambar ta musamman, ya sayi fom, sannan ya tafi ɗaya daga cikin cibiyoyin da hukumar ta amince da su, waɗanda galibinsu a birane suke, a ɗauki hoton yatsunsa. Layin wayar da ya yi amfani da shi ya zama wani ɓangare na shaidarsa, in ya ɓata sai an sha wahala. Mutanen Jibiya ba su manta ba cewa a watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙaramar hukumarsu tare da wasu ƙananan hukumomin jihar saboda matsalar tsaro. Tsarin da ya ɗauka cewa kowa yana da waya mai aiki a kowane lokaci bai san da zaman irin wannan wuri ba.

A wurin cika fom ne ake yanke shawarar da za ta bi yaro har ƙarshen rayuwarsa. Zai rubuta darussa huɗu, Turanci da wasu uku, kuma ukun nan dole su dace da fannin da yake so. Mai son likitanci, alal misali, sai ya haɗa Bayoloji da Kimistiri da Fizis. Wanda ya kuskure haɗin, ko da ya ci maki mai yawa daga cikin 400, ba za a ba shi wannan fanni ba. Ana kuma bukatar kiredit biyar, ciki har da Turanci, da kuma Lissafi ga mafi yawan fannoni, daga WAEC ko NECO ko makamantansu irin su NBAIS. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne bisa ƙa'idar kashi 45 cikin ɗari don cancanta, kashi 35 don jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 don jihohin da aka lasafta suna baya a ilimin boko, kuma Katsina tana cikinsu. Wannan ƙa'ida tana nufin cewa makin da zai ba ɗan Daddara gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana iya gaza masa a wata jami'ar mai nisa. Bayan haka, tun daga 2017 sai ɗalibi ya shiga shafin hukumar da kansa ya karɓi gurbin da aka ba shi cikin wa'adi, in ba haka ba ya rasa shi. Uban da bai san waɗannan abubuwa ba babu yadda zai yi ya ba ɗansa shawara.

Wanda ya cike wannan giɓi shi ne mai kafe. Shi ne yake karanta fom, shi yake zaɓa wa yaro jami'a, wani lokaci har da fanni, sau da yawa kuma da adireshin imel ɗinsa ake rajistar. A cikinsu akwai masu amana da sanin aiki, kuma ba don su ba da yara da yawa ba su ko fara ba. Amma mai kafe sana'a yake yi, layi yana jiransa, kuma bai san yaron ba balle ya san ƙarfin aljihun ubansa. Al'ummar da ba ta ba da 'ya aure sai an yi bincike ta wayi gari tana miƙa makomar 'ya'yanta ga baƙo cikin 'yan mintoci, domin shi kaɗai ne yake jin yaren takardar.

Matsalar suna ma ta isa abin nazari ita kaɗai. Bahaushe yana da sunan yanka, yana da laƙabi, ana kiransa da sunan ubansa, a makaranta kuma akan liƙa masa sunan garinsu. Fom ɗin yana neman sunan dangi irin na Turawa, wanda ba ya canzawa daga kaka zuwa jika. Sai a tarar yaro ɗaya a takardar firamare sunansa ya ƙare da Daddara, a NIN ya ƙare da sunan ubansa, a takardar WAEC kuma an juya jerin sunayen. Muhammadu ɗaya yana iya fitowa da rubutu iri uku. Kwamfuta ba ta san alkunya ba, ba ta kuma san cewa Audu da Abdullahi mutum ɗaya ne ba. Kowane saɓani sai an je gyara, gyaran kuwa kuɗi ne da tafiya zuwa Katsina, wani lokaci har da rantsuwa a kotu. Da an gaya wa iyaye tun yaro yana aji ɗaya na babbar sakandare cewa su tsayar da suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya a kowace takarda, da an huta da wannan wahala.

Batun kuɗi ya fi kowanne bukatar bayani. A watan Afrilu na 2024 aka sa hannu a sabuwar dokar bashin karatu, wadda ta maye gurbin ta 2023, kuma asusun da ke kula da shi, NELFUND, ya fara karɓar bukatu a watan Mayu na wannan shekara. Dokar farko ta bukaci masu tsaya wa ɗalibi mutum biyu, ta kuma sa iyaka a kan kuɗin shigar iyali, amma ta biyun ta cire waɗannan sharuɗɗa. Bashin ba shi da ruwa. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ana kuma ba ɗalibin da ya nema naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Biya yana farawa shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin ɗari na albashi ko abin da mutum yake samu, kuma an tanadi yafewa idan wanda ya ci bashin ya rasu. Ga uba Musulmi mai gudun riba, mai kuma tsoron a mutu da nauyin wani a wuya, waɗannan bayanai su ne za su sa ya amince ko ya ƙi.

A nan ne zaɓin kalma yake da nauyi. A bakin jama'a ana jin tallafi, ana jin lamuni, ana jin rance, ana jin bashi, duk a kan abu ɗaya. Hausa kuwa ta bambance su. Tallafi ba a mayar da shi. Rance akan yi shi ne tsakanin mutanen da suka san juna, a mayar nan kusa. Lamuni ya ƙunshi tsayawar wani ko yardarsa. Bashi shi ne nauyin da ke bin mutum har sai ya sauke. Wanda aka ce wa tallafi zai karɓa da zaton rabon gwamnati ne, ya sha mamaki ranar da aka fara yankar albashinsa. Wanda aka ce wa bashi kawai, ba tare da an ƙara cewa marar ruwa ne ba, zai iya hana ɗansa nema. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba wanda yake son ya ci shi a makance. Ga kuma abin da Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jihar Katsina take bayarwa, wanda shi tallafi ne na gaskiya, kuma bai kamata a cakuɗa sunansa da na bashin tarayya ba.

Akwai wani abu da iyaye suka fi bukatar ji tun da wuri, wato bashin ba ya zuwa sai bayan an samu gurbi a makarantar gwamnati. Kuɗin fom da na motar zuwa rajista da zuwa jarrabawa, da na tantancewar jami'a, da na karɓar gurbi, duk daga aljihun uba za su fito. Kuma lokacinsu bai dace da kalandar manomi ba. Ana sayar da fom ne a farkon shekara, a yi jarrabawar wajen Afrilu ko Mayu, lokacin da rumbu ya fara ja baya kuma ana neman kuɗin taki. Manomin da ya san da haka tun kaka zai ware buhunsa na gero ko na wake. Wanda bai sani ba sai ya sayar da abin da bai yi niyya ba, da araha. Haka nan iyalan da suke duban jami'o'i masu zaman kansu na Maraɗi, saboda kusanci da dangi, ya kamata su san cewa bashin bai shafi makarantun waje ko na kuɗi ba, kuma darajar naira a kan sefa ta faɗi ƙwarai tun 2023. Idan kuɗi ya gaza a gida mai yara da yawa, sanannen abu ne cewa 'ya mace ce ake fara cewa ta haƙura.

Wani zai ce ai da Turanci yaron zai yi karatun, don haka in bai iya karanta fom ba bai cancanci jami'a ba. Wannan magana ta kauce wa inda matsalar take. Ba a kan ɗalibi ake magana ba, a kan wanda zai biya ne, kuma ba a taɓa shardanta wa uba jin Turanci kafin ya ɗauki nauyin ɗansa ba. Wani kuma zai ce fassara ba ta korar ɗan bindiga, ba ta cika rumbu. Haka ne. Amma a cikin matsalolin nan ita ce wadda maganinta yake hannun malaman jami'a, kuma ba ta bukatar kasafin biliyoyi. Gidan da kuɗinsa kaɗan ne shi ne kuskure ɗaya yake rusa wa shekara guda.

Aikin ba baƙo ba ne ga wannan fage. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta yi shekaru tana warware wa talaka al'amuran hukuma da Hausa. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya bi wannan sawu. Masana sun ƙirƙiro keɓaɓɓun kalmomi na nahawu da adabi har suka zauna daram a azuzuwa. Abin da ya rage shi ne a juyo da wannan ƙwarewa wajen takardun da suke yanke wa iyalai hukunci a yau. Sassan da ke koyar da Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, tare da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, suna iya zama su daidaita kalmomin neman gurbi da na bashin karatu, su miƙa wa gidajen rediyo domin a daina kiran abu ɗaya da suna huɗu. Suna iya fitar da jagora mai shafi biyu, da boko da ajami, wanda ya jera matakan bisa watanni tare da abin da kowane mataki yake ci, a riƙa sabunta shi duk shekara saboda ƙa'idojin suna canzawa. A naɗe shi da murya domin iyayen da ba su karatu, a watsa ta WhatsApp, a karanta a taron iyaye da malamai, a sanar a masallatan Juma'a kafin a gama girbi.

Ɗaliban ajin ƙarshe da ke neman batun kundin digiri ma ga fage a buɗe. Nazarin yadda sunayen Hausawa suke karo da fom ɗin hukuma, ko yadda ake fassara bashin karatu a rediyo da kasuwa, bincike ne na harshe cikakke, kuma amfaninsa zai isa gidaje. A halin yanzu ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, kuma ta ƙasar Jibiya zai bi. Zai bukaci injiniyoyi da akantoci da jami'an kan iyaka. Ko 'ya'yan Daddara za su kasance cikinsu, wani ɓangare na amsar yana ga abin da iyayensu suka fahimta kafin ranar da aka cika fom.