Ƙaramar A-kori-kura a Amurka: Ta Lantarki ko Ta Fetur?

Tun da Ford ya fito da Maverick a 2021, masu ƙaramin ƙarfi a Amurka suka samu a-kori-kurar da ba ta gagari aljihu ba, mai ƙofa huɗu, mai ɗaukar mutum biyar. A Afrilun 2025 kuma kamfanin Slate ya nuna tasa ta lantarki: kujeru biyu, babu fenti, babu allon taɓawa, gilashin taga ma da hannu ake murɗa shi. Wannan sauƙin ya burge ni ƙwarai. Sai dai farashin ƙasa da dala 20,000 da aka yi ta yayatawa ya dogara ne kan rangwamen haraji na dala 7,500, wanda gwamnati ta soke a ƙarshen Satumbar 2025. Ƙaramin batirinta kuwa, a yadda kamfanin ya sanar a 2025, kimanin kilomita 240 zai kai, kuma idan aka labta kaya ko sanyin hunturu ya sauko, tafiyar raguwa take. Mai gyaran famfo da ke zagayen unguwa ɗaya, yana da garejin da zai jona mota ta kwana tana caji, lantarki ce tasa, ba shi ba canjin baƙin mai. Amma mai haya a bene da ba shi da wurin caji, ko manomin da ke jan tirela, ni Maverick zan nuna masa, musamman mai haɗa injin fetur da batiri, domin tana iya jan kusan kilo 1,800, Slate kuwa kilo 450 kacal aka sanar za ta ja a 2025.