Wanda aka kama ba shi ne aka hukunta ba

Jama'ar Konni, Malbaza da Illela, mu gyara bakinmu. 'Yan sanda su kama yaro a kasuwar Laraba ta Konni, kafin la'asar hotonsa ya gama zagaya WhatsApp: an kama ɓarawo! Wane alƙali ya ce haka?

Zaman komisariya ko wurin jandarma tsaron bincike ne, awa 48 a laifi na yau da kullum, kuma ba a ƙara ta sai da izinin mai shigar da ƙara na gwamnati. Ko an kai mutum gidan kaso da manda-depo, jiran shari'a yake, wanda ake tuhuma ne. Sai kotu ta yanke hukunci ake ce masa mai laifi.

Mu 'yan rediyo ma, wallahi, da hannunmu ciki. Muna sanar da kamu da babbar murya, ranar da kotun Konni ta sallami mutum sai mu yi tsit. Ya koma gida, surukai sun fasa ba shi aure, mai shago ya ɗauki wani yaro. Hoton kuwa yana nan cikin salularku, ba wanda ya goge.