Filin Lafiyar Uwargida: In Dashen Ciki Ya Ƙi Kamawa

Yau maganata da ke ce, 'yar uwa, wadda aka yi wa dashen ciki, wato IVF, sau biyu ko uku bai kama ba, ga kuɗi sun tafi, ga surutun dangin miji.

Da farko ki kwantar da hankalinki. Tun 1986 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman, ta halatta wannan aiki, matuƙar ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta, mahaifar tata ce, kuma da aure a tsakaninsu. A Abuja ma tun 1998 aka samu haihuwa ta wannan hanya.

To, amma akwai tarko. Wadda ta gaji takan roƙi likita ya saka mata ɗan tayi uku ko huɗu lokaci guda, wai ko ɗaya zai kama. In duka suka kama fa? Cikin 'yan biyu ko 'yan uku ya fi saurin jawo hawan jini, jijjiga, zubar jini da haihuwar bakwaini. Ke da ke zaune Horo Birni, ko wani ƙauye na Shagari da Bodinga, in naƙuda ta taso miki a wata bakwai da tsakar dare, sai an nemo mota zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato, sannan a nema wa kowane jariri kwalbarsa.

Abin da ya fi shi ne a gano dalili kafin a sake. Ki nemi a leƙa mahaifarki ko akwai ƙari ko tsiro. A duba bututun ƙwai, domin ruwan da ke taruwa a cikinsa yana hana tayi zama. Maigida ma a sake gwada shi. Ki sani kuma sau da yawa matsalar daga ɗan tayin take, musamman in shekaru sun haura 35.

Sannan ki tambayi likita ko za a bar tayin ya kai kwana 5 maimakon 3, don a ga mai ƙwari, a saka guda ɗaya, a daskarar da sauran don gaba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2021 ya nuna cewa matan da mahaifarsu lafiya lau, aka riƙa saka musu tayi ɗaiɗai wanda gwaji ya tabbatar da ingancinsa, fiye da kashi 90 cikin 100 sun samu ciki cikin gwaji uku.

Kafin ku sayar da gona ko shanu, ku sa a rubuta muku kuɗin komai, har da na ajiyar tayin. Takardun aikin baya kuma ki adana su, sabon likita zai buƙace su.

Allah Ya ba mu zuri'a ɗayyiba. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.