Gem ɗin Faɗan Mutum-mutumi a Kwaciri: Fa'idodi da Illolinsa

Duk wanda ya leƙa gidajen gem da ke lungunan Kwaciri a Kano, ko ya gangara Fagge da Sabon Gari, ya san gem ɗin ƙwallo ne sarki, sai Mortal Kombat na bi masa baya. Amma akwai iri na uku da ba ya yawan hawa babbar talabijin, ya fi zama a wayoyin samarin da ke jiran layi ya zo kansu. Shi ne faɗan ƙattin mutum-mutumin ƙarfe, waɗanda mutum ke shiga cikinsu ya tuƙa. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Gundam. Wasu yaran kan sa manhajar PPSSPP, wadda ke ba wayar Android damar karanta gem ɗin tsohuwar na'urar PSP, su tura wa juna ta Xender ba tare da sun taɓa data ba.

Abin ba baƙo ba ne a gidajenmu. Iyayen waɗannan yara da yawa sun tashi suna kallon Voltron a NTA, zakunan ƙarfe biyar da ke haɗewa su zama ƙato ɗaya mai takobi. Amurkawa ne suka fito da shi a 1984, amma daga wani katun ɗin Japan na kamfanin Toei suka ɗauko shi. Shi kuwa Gundam a 1979 ya fara, daga hannun Yoshiyuki Tomino da kamfanin Sunrise. Tsayin mutum-mutumin a labarin mita 18 ne, kuma a 2009 sai da Japanawa suka gina shi da cikakken tsayinsa suka kafa a birnin Tokyo.

Fa'idar da ta fi burge ni tana cikin tsarin wasan kansa, musamman jerin da ake kira Gundam Vs., wanda ɗaya daga cikinsu ya fito a PSP a 2009. Bibbiyu ake karawa. Kowane ɓangare yana da jari na maki 6000 da 'yan wasan biyu suka yi tarayya a kai, kowane mutum-mutumi kuma da farashinsa: akwai na 1000, na 2000, da na 3000. Duk sanda aka fasa naka, sai a cire farashinsa daga jarin, ɓangaren da jarinsa ya riga ƙarewa shi aka ci. Ke nan wanda ya zaɓi ƙaton 3000 ya samu ƙarfi, amma faɗuwa biyu kawai ta isa ta kai shi ƙasa har da abokinsa. Ka tsaya bayan yara biyu da ke ɓangare ɗaya ka saurara. Babban zai ce wa ƙaramin, "Ja baya, kar ka faɗi yanzu, bari ni in fara faɗuwa." Yaron da malamin lissafi ke fama da shi a aji, ga shi nan yana ragi da tarawa a ka cikin daƙiƙa, yana kuma koyon cewa gangancinsa wani zai jawo wa asara. Wannan tarbiyya ce, ko da a kan benci aka same ta.

Akwai kuma kaifin ido da saurin hannu. A 2003 wasu masu bincike biyu a Amurka, Shawn Green da Daphne Bavelier, sun wallafa a mujallar Nature cewa masu buga gem mai saurin motsi sun fi iya lura da abubuwa da yawa a lokaci guda. Fa'ida ce ta gaske, sai dai iyakarta ido da lura. Ba ta sa yaro ya haddace darasi.

Sannan ga zumunci. Sabon Gari unguwa ce da Turawan mulki suka keɓe wa baƙi tun farkon ƙarnin da ya wuce, kuma har yau akwai manyan da ba su cika shiga harkar juna ba in ba ciniki ya haɗa ba. A gidan gem kuwa za ka ga ɗan Kwaciri da yaron Ibo ko Bayarabe kafaɗa da kafaɗa, suna gaurayar Hausa da buroka, ba wanda ya tambayi wani addininsa kafin ya miƙa masa hannun gem. Wanda ya san tarihin rikice-rikicen da wannan yanki ya gani ba zai raina wannan zama ba.

Abin da nake ganin ana yi wa sakaci shi ne yadda siffar waɗannan injuna ke kunna wa yaro sha'awar zane da ƙira. Yaran Kano dama gwanaye ne wajen haɗa motar gwangwani da ta kara. A Japan, kamfanin Bandai ya fara sayar da ƙananan Gundam na roba a 1980, waɗanda yaro ke harhaɗawa da hannunsa gaɓa-gaɓa, ya ga yadda gwiwa ke lanƙwasa, ya ga inda nauyi ke sauka. Mu ba mu da wannan a kasuwa da araha, amma muna da kwali da waya da tsohuwar motar rediyo. Yaron da ya cika bayan littafinsa da zanen mutum-mutumi bai cancanci bulala ba. Ya cancanci a nuna masa Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da zanen mota ya kai shi kamfanin General Motors har ya zana Chevrolet Volt. Gidajen gem ɗin ma sana'a ce: akwai mai gida, akwai yaron da ke karɓar kuɗi, akwai mai gyaran hannun gem da mai loda sababbin wasanni.

Ta ɓangaren illa, abin da iyaye suka fi ambata shi ne faɗa, wai gem na koya wa yaro dabanci. Masu bincike sun daɗe suna jayayya a kan wannan, ba su kuma haɗu a kan magana ɗaya ba. A ganina, in ana lissafin abin da ke jefa yaro daba ko ƙwacen waya a Kano, ƙwaya da zaman banza da mugun aboki suna gaba da gem nesa ba kusa ba. Faɗan ƙarfe da ƙarfe ma ya fi Mortal Kombat sauƙi, tunda babu jini babu cire kai. Garin da ke cika gidan dambe na Ado Bayero Square don kallon kisa a turmin farko bai kamata ya firgita da ƙarfe na dukan ƙarfe a allo ba.

Damuwata a nan wata ce daban. Tomino an haife shi a 1941, ƙuruciyarsa ta faɗo cikin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma labarin da ya tsara na ƙin yaƙi ne. Jaruminsa, Amuro Ray, yaro ne ɗan shekara 15 da larura ta jefa cikin injin yaƙi. Yana tsoro, yana rasa barci, har akwai ranar da ya ƙi fita fagen daga. Abokan gabarsa ma mutane ne masu iyali. Wani jerin da ya fito a 2015, Iron-Blooded Orphans, kacokan a kan marayun da aka mayar sojoji yake. Gem ɗin ya ɗauki ƙarfen ya bar yaron da ke ciki. Wanda ke bugawa a waya, galibi da rubutun Japananci da ba ya iya karantawa, ba abin da ke isa gare shi sai harbi da fashewa da kiɗan nasara. A arewacin Najeriya, inda muka ga an ɗora wa ƙananan yara bindiga da idonmu, wannan ɓangare na labarin shi ne ya fi dacewa da mu, shi ne kuma bai iso ba.

Illar da ta fi cin mutane a zahiri ita ce lokaci. Kowace karawa 'yan mintuna ce, shi ya sa "bari in yi ɗaya na ƙarshe" ba ta ƙarewa. Yaro ya fito da allo ko jakar Islamiyya da la'asar, ya cusa ta ƙarƙashin benci, sai kiran magariba ya tashe shi. Na waya ya fi wuyar kamawa, don a cikin bargo ake buga shi har tsakar dare, da safe a tafi makaranta ido ja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya kamu da gem cikin jerin cututtuka, amma ta gindaya sharaɗi: sai mutum ya kasa riƙe kansa, gem ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, abin kuma ya ɗauki kamar shekara guda. Yawancin yaranmu ba su kai nan ba, sai dai ba sai an kai nan karatu ke lalacewa ba.

Sai kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, tayar da janareta ya yi tsada, kuɗin gem ya bi shi. Kuɗin tara ba ya isa, sai a fara taɓa canjin cefane. Al'adar "wanda aka ci shi zai biya" tana da sauƙi a baki, amma daga ita ake zarcewa zuwa ajiye kuɗi a hannun wani na uku, 'yan kallo ma su sa nasu. Wannan caca ce, ba ta da wani suna. Sababbin gem na intanet kuma sun shigo da cacar cikin wasan. Gundam Battle Operation 2, da ya fito a PS4 a 2018, kyauta ake sauke shi, amma manyan injunan ta hanyar ƙuri'a ake samunsu, ana kuma iya sayen tikitin ƙuri'ar da kuɗi ba tare da sanin abin da zai fito ba. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin wannan tsari a matsayin caca tun 2018.

Ɗakin gem ɗin ma abin dubawa ne: shago ƙarami, labule a sake don hasken allo, janareta na hayaƙi a bakin ƙofa, ɗan shekara tara na zaune kusa da ɗan ashirin da biyar yana jin duk abin da ke fita daga bakinsa.

China ta ɗauki tsattsauran mataki a 2021, ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 gem na intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar da Lahadi. Wannan ba zai yi aiki a kan gem ɗin waya da ba ya buƙatar intanet ba, kuma ban goyi bayan rufe gidajen gem ba, don rufewa tana mayar da su bayan gida ne inda ba mai gani. Abin da ke hannunmu ya fi kusa. Mai unguwa da iyaye za su iya zama da masu gidajen gem na Kwaciri a yi yarjejeniya: ba yaro mai kayan makaranta a lokacin boko ko Islamiyya, a kashe allo lokacin salla, janareta ya yi nesa da ƙofa, duk gidan da aka kama ana ajiye kuɗin caca kuma a kai maganarsa gaban hukuma.