Tsadar Abinci, Harajin da Talaka Kaɗai Ke Biya

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, an sha gaya mana wai tsadar abinci annoba ce da ta shafi kowa, attajiri da talaka. Wannan magana yaudara ce, kuma lokaci ya yi da za mu fito fili mu ƙaryata ta.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya janye tallafin man fetur, wata mai bi masa kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Kafin tsakiyar 2024, ƙididdigar gwamnati da kanta ta nuna farashin abinci ya hau da fiye da kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. A Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, amma a ƙarshen shekarar wannan kuɗi bai isa ya sayi buhun shinkafa ɗaya ba.

To, wa ya sha wuya? Masinja da lebura da malamin firamare, waɗanda kusan duk abin da suke samu a tukunya yake ƙarewa. Idan mudun gero ya ninka kuɗinsa, sai a rage tuwon dare, ko a cire yaro daga makaranta. Shi kuwa mai gidajen haya da dala da ɗakunan ajiyar hatsi, kullum farashi ya tashi dukiyarsa ce ta ƙaru. Yakan saye amfanin gona da arha da kaka, lokacin da bashi ya matsa wa manomi, ya ɓoye sai damina ta yi nisa, sannan ya sayar wa manomin nan da ninkin kuɗi. Ashe kuɗin da ya fita daga aljihun talaka ba ɓacewa ya yi ba, aljihun wani ya koma.

Iyayenmu sun ga irin wannan. Da aka biya ƙarin albashin Udoji a 1975, ma'aikata suka yi ta murna, kasuwa ta hau, manomi da ɗan dako da ba su karɓi ko kwabo ba suka biya tsadar.

Saboda haka kada ƙarin albashi ya rufe mana baki. Mu nemi gwamnati ta cika rumbunanta da kaka, ta fitar da hatsi lokacin yunwa, ta hukunta masu ɓoye abinci, ta tsare manomi daga 'yan bindiga, ta kuma karɓi haraji daga inda dukiya ta taru. Gobe mu ne a ofisoshin nan. Wanda ya yi shiru yau, da shi za a ci amanar talakawa gobe.