Shin Rana Za Ta Iya Faɗa Mana Shekarun Dutse?

Tun muna firamare aka koya mana cewa rana daga gabas take hudowa. Maganar gaskiya ce, amma da sauran bayani. Duk wanda ya yi haƙurin tsayawa wuri ɗaya kowace safiya har shekara ta zagayo zai ga cewa mahudar rana tafiya take yi. A watan Yuni tana karkata arewa maso gabas, a watan Disamba ta koma kudu maso gabas, kuma sau biyu kacal a shekara, cikin Maris da Satumba, take fitowa daga tsakiyar gabas sosai. A Kano wannan kai-da-kawo bai wuce digiri 48 ba. A arewacin Wales kuwa, can yammacin tsibirin Birtaniya, ya haura digiri 80, don haka ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai lura da shi.

Mutanen da suka zauna a Wales shekara dubu biyar da suka wuce sun lura. Ba su bar rubutu ba, amma sun bar duwatsu: wasu a tsaye su kaɗai, wasu a jere, wasu a da'ira, wasu kuma an ɗora su bisa juna an yi ɗakin ajiye ƙasusuwan matattu. Mafi shahara a wannan zance tamu shi ne kabarin Bryn Celli Ddu da ke tsibirin Anglesey, wanda ma'anar sunansa a harshen mutanen wurin ita ce tudun da ke cikin kurmi mai duhu. Tudun ƙasa ne, a cikinsa akwai ɗaki na dutse, sai wani siririn lungu mai tsawon kimanin mita 8 da ya taso daga ɗakin zuwa waje. A safiyar ranar da yini ya fi tsawo, wato wajen 21 ga Yuni, hasken rana yakan bi ta wannan lungu ya shiga har cikin ɗakin.

Wanda ya fara jawo hankalin duniya ga wannan al'amari shi ne Norman Lockyer. Kada mai karatu ya ɗauka wani mai shaci-faɗi ne. Lockyer yana cikin waɗanda suka gano sinadarin hiliyam a cikin hasken rana a 1868, kuma shi ne ya kafa mujallar Nature a 1869. A farkon ƙarni na 20 ya zagaya duwatsun Birtaniya da na'urar awo, ya wallafa littafi a kansu a 1906, ya kuma ce kabarin Bryn Celli Ddu yana fuskantar mahudar rana ta tsakiyar Yuni. Masana tarihin ƙasar na lokacin ba su ɗauki maganarsa da muhimmanci ba. Sai bayan kusan shekara ɗari Steve Burrow, na gidan tarihin ƙasa na Wales, ya sake duba lamarin, ya wallafa sakamakonsa a 2010, aka tabbatar cewa tsohon ya yi gaskiya.

To, amma Lockyer bai tsaya nan ba. Ya ce tun da mahudar rana tana gusawa a hankali cikin ƙarnoni, idan muka auna inda gini ya fuskanta, muka kwatanta da inda rana take hudowa a yau, tazarar da ke tsakani za ta gaya mana shekarar da aka yi ginin. Wannan tunani yana da ban sha'awa ƙwarai, kuma har yau yana yawo a littattafai da shirye-shiryen talabijin. Ra'ayina shi ne a nan ne aka ɗora wa ilimin taurari kayan da ba zai iya ɗauka ba. Fuskar gini tana iya nuna mana abin da maginansa suka nufa. Game da shekarunsa kuwa, shedarta ba ta da ƙarfin da alƙali zai yanke hukunci a kanta. Bari mu bi lissafin da kanmu.

Duniya tana juyawa ne a karkace. A yau karkatar tata kimanin digiri 23.4 ce, kuma ita ce take kawo damina da rani, take sa mahudar rana kai-da-kawo. Wannan karkata tana ƙaruwa tana raguwa tsakanin digiri 22.1 da 24.5 a cikin zagaye na kimanin shekara 41,000. Shekara dubu biyar da suka wuce tana wajen digiri 24. Wato a duk tsawon wannan zamani abin da ya ragu bai fi digiri 0.6 ba. Idan aka juya wannan zuwa ga abin da ido zai gani a Anglesey, mahudar rana ta watan Yuni ta gusa da digiri ɗaya da ɗoriya ke nan. Faɗin ƙwallon rana kansa, kamar yadda muke ganinsa daga ƙasa, rabin digiri ne. Saboda haka a cikin shekara dubu guda cur, rana ba ta matsa fiye da rabin faɗin jikinta ba. Wannan shi ne agogon da ake so mu karanta shekara da shi.

Yanzu mu dubi na'urar da za a karanta agogon. Lungu ne na duwatsun da ba a sassaƙa su sumul ba. Ko da a ce faɗinsa rabin mita ne kacal, mutumin da ke zaune a ƙarshen mita 8 zai hango yanki na sama da ya haura digiri 3. Wannan ya ninka duk gusawar da rana ta yi tun daga zamanin maginan har zuwa yau. Ina ne tsakiyar lungun? Gefen wane dutse za a ɗauka, na dama ko na hagu? Bugu da ƙari, an tone wurin a 1928 da 1929 a ƙarƙashin W. J. Hemp, aka gyara shi, aka sake tara tudun da ake gani yanzu. Dutsen da ya shekara dubu biyar yana shan ruwa da sanyi da hannun mutane, wa zai rantse cewa bai gusa ko da taƙi ɗaya ba?

Akwai kuma tambayar da ba mai iya amsa ta, domin masu amsar sun daɗe da zama ƙasa. Me suke kira hudowar rana? Lokacin da gefenta na sama ya leƙo, ko lokacin da rabinta ya fito, ko sa'ad da ta fito gaba ɗaya ta zauna bisa tudu? A ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya rana a jirkice take hawa, tana tashi tana zamewa gefe. Tsakanin leƙowarta da kammala fitowarta a Wales, ta riga ta gusa fiye da rabin digiri, wanda a wancan agogo ya haura shekara 2,000. Iskar da ke kewaye da duniya ma tana lanƙwasa haske, kamar yadda cokali yake bayyana a karye cikin kofin ruwa, har ta ɗaga surar rana da kimanin rabin digiri a gindin sama, kuma yawan lanƙwasawar yana canjawa da sanyi ko zafin safiyar. Idan akwai kurmi a gaban kabarin a wancan zamani, tsawon itatuwan ya isa ya ɓata lissafin. Kai, ko da maginan sun yi kuskuren kwana biyar kawai wajen gane ranar da yini ya fi tsawo, wannan kaɗai ya kai kuskuren kimanin shekara 700.

Da masu wannan hanya suka ga rana tana da nawa, sai suka juya ga taurari. Duniya tana layi kamar katantanwar da ta fara gajiya, tana kammala zagaye ɗaya a kimanin shekara 26,000, kuma wannan yana gusar da mahudar taurari da sauri fiye da ta rana. Lockyer ya yi amfani da taurari masu haske, har da tarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta, ya ba gine-gine da dama shekaru. Matsalar a nan ta fi ta farko muni. Taurari masu haske suna da yawa, ƙarnonin da za a zaɓa ma suna da yawa. Ka ja layi tsakanin kowane duwatsu biyu a kowane fili, wani tauraro ya taɓa hudowa ta wannan layi a wani ƙarni. Hausawa na cewa mai nema yana tare da samu, to a kimiyya irin wannan samu abin tsoro ne. Alexander Thom, farfesan injiniya na Jami'ar Oxford, ya auna ɗaruruwan wurare da ƙwarewar da ba a musunta, ya kuma yi iƙirarin cewa mutanen da suna bin motsin wata daidai wa daida. Da Clive Ruggles da abokan aikinsa suka sake auna irin waɗannan wurare a shekarun 1970 da 1980, bisa ƙa'idar zaɓen layi tun kafin a san inda zai nuna, sai yawancin wannan daidaito ya watse.

Gwaji mafi kyau ga kowace hanya shi ne a ba ta tambayar da daga baya aka samu amsarta. A 1901 Lockyer da F. C. Penrose sun auna Stonehenge da ke Ingila, suka ce an gina shi a 1680 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da yiwuwar kuskuren shekara 200 gaba ko baya. Yau mun san an fara aikin wurin wajen 3000, aka kafa manyan duwatsunsa wajen 2500. Kuskuren ya haura shekara 800, wato ya ninka gejin da suka ba kansu har sau huɗu. Kuma Stonehenge ya fi kowane gini na Wales tsari da sassaƙa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ta ina aka samu amsar ta gaskiya? A nan sai mai karatu ya yi mini uzuri, domin fagena ne. Daga halittu masu rai aka same ta. Ganye yana zuƙar iskar kabon yana haɗa abinci da hasken rana, kuma cikin wannan kabon akwai ɗan kaɗan na nau'in kabon-14, wanda ba ya zama lafiya. Dabba ta ci ganye, mutum ya ci dabba da hatsi, kowa ya samu rabonsa. Da zarar rai ya fita, shigar sabon kabon ta tsaya, wanda ke jiki kuma ya shiga raguwa, rabinsa a kowace shekara 5,730. Willard Libby ne ya mai da wannan hanyar ƙidayar shekaru a ƙarshen shekarun 1940, aka ba shi lambar Nobel a 1960. Da ita aka gane cewa kwalekwalen Dufuna, da aka gano a Jihar Yobe ta yanzu a 1987, ya kai kimanin shekara 8,000. Da ita kuma aka auna ƙonannun ƙasusuwa da gawayi daga Bryn Celli Ddu, aka samu cewa an gina kabarin wajen 3000 kafin Miladiyya, ƙarnoni kafin babbar dalar Giza ta Masar.

Wani zai ce, ai kabon ma yana kuskure. Haka ne. A shekarun 1960 aka gano cewa yawan kabon-14 a iska bai tsaya a ma'auni ɗaya ba, kuma shekarun da ake bayarwa sun gaza na gaskiya da ƙarnoni. Amma duba yadda aka gyara. Itatuwan ƙasashen sanyi suna ƙara zobe ɗaya a kututturensu kowace shekara. Aka ƙirga zobban tsofaffin itatuwa na duwatsun Kalifoniya, daga baya da na Ailan da Jamus, aka auna kabon na kowane zobe da aka san shekararsa, aka daidaita ma'aunin. Kuskuren yana da abin gwada shi a waje da hanyar kanta. Lissafin mahudar rana ba shi da irin wannan mai duba masa aiki.

Hujjar da na fi girmamawa daga ɗaya ɓangaren ita ce wannan: kabon yana faɗin lokacin da itace ko mutum ya mutu, bai san ranar da aka kafa dutse ba, kuma ƙasar Wales a wurare da yawa tana da tsami, tana cinye ƙashi. Dutsen da ke tsaye shi kaɗai a kan tudu sau da yawa ba a samun komai a gindinsa. A irin wannan hali, in ji su, ƙiyasin taurari bai fi babu ba? Ni a ganina bai fi ba, domin lamba tana da kwarjini. Da zarar an rubuta "1680" a littafi, ɗalibi zai haddace ta, ya manta da shakkar da ke bayanta. Kuma an samu wasu hanyoyi. A Waun Mawn, cikin tsaunukan Preseli inda aka ɗebo ƙananan duwatsun Stonehenge, Mike Parker Pearson da tawagarsa sun ba da rahoto a 2021 cewa sun gano kufan wata da'irar duwatsu mai faɗin mita 110, wadda a cewarsu ƙofarta tana fuskantar mahudar rana ta Yuni. Wasu masana sun musanta cewa an taɓa kammala da'ira a wurin. Abin lura shi ne ko su masu iƙirarin ba su nemi shekarun wurin daga rana ba. Ƙwayoyin yashin da ke cikin ramukan duwatsun suka auna, don gane yaushe rabonsu da ganin haske.

Kada a fahimce ni da cewa duban sama ba shi da amfani a wannan fage. Shi ne ya nuna mana cewa manoma da makiyayan da ba su san ƙarfe ba sun san ranar da yini ya fi tsawo, sun kuma ga ya dace haskenta ya riski matattunsu. A Newgrange ta Ailan da Maeshowe ta Sukotlan an yi irin wannan da ranar da yini ya fi gajarta. Masallatan gari guda duk alƙibla ɗaya suke fuskanta, kuma baƙo zai gane manufar masu ginin daga wannan, amma in yana son sanin wanne ya girmi wanne sai ya dubi tubali da azara.

Malamin da yake son ɗalibansa su ga wannan da idonsu ba ya bukatar na'ura. A kafa turke a filin makaranta inda gabas take a buɗe, a sa ɗalibi ya tsaya a bayansa da hudowar rana sau biyu a mako, wani kuma ya kafa ƙaramin tsinke taku ashirin a gaba, daidai inda rana ta leƙo. A fara daga Satumba, lokacin da tsinkayen za su riƙa nisa da juna a fili. Zuwa tsakiyar Disamba, in hazo ya bari, za a ga sun fara cunkushewa wuri ɗaya har fiye da mako guda, kuma ɗalibai biyu da suka tsaya a bayan turke ɗaya a safiya ɗaya za su yi gardamar inda ya kamata a soka tsinken.