Ba Dukan Ilmi Ne Ke Cikin Intanet Ba

Sanin kowa ne cewa a yau in ɗalibi yana neman sanin wani abu, wayarsa yake fara dubawa. To, amma intanet kamar rumbu yake, abin da aka zuba masa shi kaɗai ake ɗiba.

A ɗauki tarihin Hausawa mazauna Kudu. An kafa unguwar Sabo ta Badun a 1916, kuma wani Bature, Abner Cohen, ya rubuta littafi a kan cinikin goro da shanu na mutanenta, wanda ya fito a 1969. Wannan kam ana samun labarinsa a waya. Amma mai son sanin yadda aka ba da filin wani zango, ko ranar da aka naɗa wani Sarkin Hausawa, tilas ya taka zuwa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, wadda Dokta Kenneth Dike ya kafa a Badun a 1954, ko kuwa rassanta na Kaduna da Inugu. Galibin fayilolin da ke can ba a sa su a intanet ba. Haka nan wasiƙun ajami da ke akwatunan malamai, balle abin da ke kawunan dattawa.

Abu na biyu, ba mai tace abin da ake zubawa. A Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, an baza labarin cewa ruwan gishiri rigakafi ne, har wasu suka rasa rayukansu. A 2018 kuma aka yi ta yaɗa cewa Shugaba Buhari ya mutu, wai wani Jibrin daga Sudan ke kan mulki, har sai da shi kansa ya ƙaryata. Yawan maimaita magana ba ya mai da ita gaskiya.

Wannan ba batun 'yan makaranta ne kaɗai ba. Ran da jayayya ta tashi a kan filin kasuwa ko maƙabarta, takarda mai hatimi da shaidar dattawa su ne za su tsaya wa baƙo.

Saboda haka ya kamata shugabannin zango-zango su tura matasa su kwafo takardun da suka shafe su, su kuma ɗauki muryoyin tsofaffi tun suna raye. Intanet yana nuna hanya, amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.